Yadda Ake Ɗaura Ƙafar Keke da Hannu

Ƙafar keke abu huɗu ce: cibiya, rim, sifok, da ƙananan notocin da ke riƙe sifok a jikin rim. Yawancin kekuna suna da sifok 32 ko 36. Ƙarfin ƙafar kuwa daga jan da aka yi wa sifok yake fitowa, domin idan nauyi ya hau, sifok ɗin da ke ƙasa ne ke ɗan saki. Wanda bai ɗauru sosai ba sai notinsa ya kwance, ƙafa ta soma rawa.

Mai koyo ya fara da ƙafar gaba, don ta baya tana da wuyar daidaitawa saboda giya. A ɗiga mai a bakin kowane sifok, a jera su ta yadda kowanne zai gitta uku kafin ya isa rim, a kuma bar sarari a wajen ramin bawul don famfo ya shiga.

A wajen ɗaurewa haƙuri yake aiki, kuma nan ne masu koyo suka fi ɓata rim. Kada a matse noti ɗaya har ƙarshe. A zagaya ana juya kowanne kaɗan-kaɗan. Wajen daidaita ƙafar ba sai da na'ura ba: a saka ta a jikin keken, a kifa shi, a juya ƙafar, a lura da inda rim ke gogar birki. Idan ya karkata dama, a ƙara matse sifok na hagu da rubu'in juyi, a ɗan sassauta na dama. Daga nan a damƙi sifok bibbiyu a matsa da ƙarfi don su zauna, sannan a sake dubawa.