Dandalin Wasan Kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello: Darasi ga Makarantun Ƙasar Daura

Gabatarwa

Idan aka ambaci gidan wasan kwaikwayo na jami'a, abin da yakan zo zukatan mutane shi ne ƙaton ɗakin taro na siminti, mai kujeru jere-jere, da dakali a gaba, da labule da fitilu masu launi. Wannan shi ne fasalin da Turawa suka zo mana da shi, kuma irinsa aka gina a Jami'ar Ibadan a 1955. To amma a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, akwai wani gidan wasa wanda aka gina da ƙasa, aka rufa ɗakunansa da jinka. 'Yan jami'a suna kiransa Drama Village, wato ƙauyen wasan kwaikwayo. Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana yadda aka yi wannan gini, da dalilin da ya sa aka yi masa wannan fasali, da kuma abin da malaman makarantunmu na Baure da sauran ƙasar Daura za su iya tsinta daga gare shi.

Abin da muka gada

Bahaushe bai jira zuwan Bature ba kafin ya san kwaikwayo. Daga daren goma ga watan azumi yara kan fita tashe gida-gida, wannan ya zama Jatau mai magani da tarkacen saiwoyinsa, wancan ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho. A fadojin sarakuna akwai wasan gauta, inda matan cikin gida kan kwaikwayi sarki da hakimansa, sarki yana kallo, ya ga yadda ake ganin mulkinsa. Bayan an kawar da amfanin gona samari kan yi kalankuwa, su naɗa wa junansu muƙamai, su yi shari'a, su ci tara. Ga kuma 'yan kama masu kwaikwayon malamai, da 'yan gambara, da masu 'yar tsana ta dabo.

Duk waɗannan wasanni abu guda ya haɗa su, wato wurin da ake yin su. Ko dai ƙofar gida, ko tsakar gida, ko dandali, kuma ko'ina aka yi, mutane kewaye 'yan wasa suke yi. Ba a ware wa mai kallo wani wurin da zai zauna shiru. Yakan yi amshi, ya yi tafi, ya tsoma baki, wani lokaci ma a jawo shi cikin fili. Muna yara a Baure haka muka tarar, kuma haka abin yake a ƙauyukan tsallaken iyaka wajen Magarya.

Da boko ya zo sai aka sami rubutaccen wasa, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Littattafai ne masu daraja, sai dai a makarantu yawanci karanta su ake yi don cin jarrabawa. In ma an tashi nuna su, akan haɗa tebura a ɗakin taro, 'yan wasa a sama, jama'a a ƙasa.

Yadda aka yi ginin

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma sai a 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni, a ƙarƙashin Sashen Ingilishi. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Michael Etherton, wanda kafin nan ya koyar a Jami'ar Zambiya, inda suka yi wani gidan wasa na fili mai suna Chikwakwa, suna kuma kai wasa ƙauyuka cikin harsunan mutanen wurin. Wanda ya zana ginin kuwa wani Ba'amurke ne, Steven Ehrlich, malami a sashen zanen gine-gine na jami'ar, wanda ya zauna a Maroko ya ga irin ginin ƙasa na can kafin ya zo Zariya. An kammala aikin a 1976.

Fasalin gidan Bahaushe aka ɗauka. Akwai fili a tsakiya wanda ba shi da rufi, kamar tsakar gida. Ɗakuna zagayayyu masu jinka suna kewaye da shi, katangar ƙasa ta haɗa su, an kuma yi wa bango ado irin na maginan Hausa. Amfanin wannan tsari shi ne ba a ɗaure kowa wuri guda ba. Ana iya yin wasa a tsakiya jama'a su kewaye. Ana iya zaunar da jama'a a tsakiya, wasa ya riƙa tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan, ɗaya ya zama fada, ɗaya kasuwa, ɗaya gidan talaka. Ana kuma iya tattara masu kallo gefe guda idan wasan ya buƙaci haka. Na taɓa kallon wasa a wurin da daddare, kuma abin da na lura da shi shi ne ba a buƙatar lasifika, domin katangar tana tare murya, na baya yana jin abin da na gaba ya ji.

Yana da kyau mai karatu ya tuna cewa a wannan shekara ta 1976 aka gama Gidan Wasa na Ƙasa da ke Iganmu a Legas, domin bikin FESTAC na 1977. An kwaikwayo shi daga wani gini da ke birnin Varna a ƙasar Bulgeriya, babban ɗakinsa a lokacin na ɗaukar mutum 5,000. Ke nan a shekara guda ƙasar nan ta sami amsa biyu ga tambaya ɗaya. Legas ta ɗauko samfuri daga Turai da kuɗin man fetur, Zariya ta ɗauko nata daga gidajen maƙwabtanta da ƙasa da shuci.

Daga jami'a zuwa ƙauye

Ginin bai tsaya ga ado ba, ya yi tasiri a kan irin wasan da ake koyarwa a cikinsa. Ɗalibin da ya saba wasa a tsakiyar mutane ba zai ji baƙunta ba idan aka kai shi dandalin ƙauye. Saboda haka malaman sashen, irin su Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa, daga baya kuma Oga Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai, da farko cikin garin Samaru, sannan zuwa karkara. A 1977 aka yi Wasan Manoma a ƙasar Soba, lokacin da gwamnatin soja ke yayata shirin ciyar da ƙasa da ta ƙaddamar a 1976. A 1979 aka yi Wasan Maska. Maska a lokacin tana cikin Jihar Kaduna, amma tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ta zama tamu, tana cikin Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Bayan nan aka yi irinsa a Bomo, kusa da jami'ar.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ɗalibai kan sauka a gari da izinin mai gari, su bi gonaki da majalisu da bakin rijiya suna sauraren abin da ke damun jama'a, kamar rabon takin zamani, ko ruwan sha, ko rashin magani. Sai su zauna su tace abin da suka ji, su ƙulla labari da Hausa ba tare da an rubuta ba, su nuna shi a dandali. Idan an gama sai a buɗe tattaunawa. Da tafiya ta yi tafiya, malaman suka gane cewa ɗan birni ya zo ya nuna wa manomi matsalarsa ya koma, bai wadatar ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan aka koma shirya wasan tare da mutanen gari, su ne 'yan wasa, kuma akan dakatar da labari a tsakiya a tambayi jama'a: in kai ne, me za ka yi? A nan sun amfana da ra'ayoyin wasu masana biyu 'yan ƙasar Barazil, Paulo Freire da Augusto Boal.

Kada a ɗauka wannan abu ne mai sauƙi. A Kenya, mutanen ƙauyen Kamiriithu sun gina irin wannan fili da hannunsu tare da marubuci Ngugi wa Thiong'o. Wasan da suka nuna da harshensu a 1977 ya sa aka tsare shi, a 1982 kuma hukuma ta rushe wurin. Wannan ya nuna cewa idan talaka ya sami fagen faɗin damuwarsa, maganar takan yi nauyi.

Darasi ga malamai da dattawa

A yau dandali yana ɓacewa a garuruwanmu. Wani an yanka shi filoti, wani an kafa shaguna. Tashe ya ragu, kalankuwa sai a bakin tsofaffi, yara kuma sun koma kallon fim a waya, inda mai kallo ba ya amshi, ba ya tambaya. Idan wannan zuriya ta dattawa ta wuce ba a karɓi abin da ke hannunta ba, to sai dai a karanta a littafi.

A ganina, darasi na farko shi ne makaranta ba ta buƙatar jiran kwangilar ɗakin taro kafin ta fara. Inuwar bedi ko ta tsamiya, da fili sharararre, da dakalin tubali zagayayye da yara za su zauna, sun isa. Muna da magina a kowace gunduma, sai dai a tuna ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, jinka kuma tana son sabon shuci, don haka dole a ɗora wa wani alhakin kula da wurin.

Na biyu, a ɗauko labari daga gida. Tarihin Daurama da Bayajida da rijiyar Kusugu, da yadda sarautar Daura ta rabu bayan jihadi har aka sami Zango da Baure, duk abubuwa ne da yaro zai fi riƙewa idan ya taka rawarsu da kansa. Haka kuma matsalolinmu na yau, kamar kwararowar hamada, da sare itatuwa, da rikicin manomi da makiyayi, da cire yarinya daga makaranta.

Na uku ya shafi iyaye masu ɗari-ɗari da wasan kwaikwayo saboda tsoron lalacewar tarbiyya. Damuwarsu tana kan hanya, maganinta kuwa shi ne a yi abin a fili da rana, maza daban mata daban inda ya kamata, a gayyaci mai gari da liman da iyaye su zauna a da'irar. Wasan da ake yi a gaban uban yaro da wuya ya kauce hanya.

Kammalawa

Abin da masana suka yi a Samaru a 1976 shi ne sun dubi tsakar gidanmu da dandalinmu, suka ga sun cancanci zama ajin jami'a. Fannin da aka fara a wannan gini na ƙasa ya girma har ya zama sashe mai zaman kansa, ɗalibansa kuma sun bazu cikin jami'o'i da gidajen rediyo da talabijin na ƙasar nan. Ina kira ga shugabannin makarantu na Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa da Daura da su keɓe fili a harabarsu, su nemi dattawan da suka yi tashe da kalankuwa tun suna raye, su zo su koya wa yara. Ina kuma roƙon Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha ta taimaka wajen naɗar waɗannan wasanni da adana su. Allah ya sa mu dace.