3.4 Yadda Ƙwayar Halittar Tsiro Ke Karɓar Ruwa da Sinadarai: Misali Daga Gonakin Gero na Daddara

A wannan sashe za a yi bayanin hanyoyin da ruwa da sinadarai ke bi su shiga ƙwayar halittar tsiro, tare da danganta su da noman gero a Daddara, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya, inda ƙasar noma galibi jigawa ce wadda ba ta riƙe danshi.

Da farko, ruwa yana ratsa bangon ƙwayar halittar gashin saiwa ba tare da wata wahala ba. Tantanin da ke bayan bangon shi ne mai tacewa. Ruwa kan tsallaka shi daga inda narkakkun sinadarai suka yi ƙaranci zuwa inda suka fi yawa, ta wasu ƙofofin furotin da ake kira akwaforin, waɗanda Peter Agre ya bayyana aikinsu a 1992.

Na biyu, sinadarai irin su naitiret da fotashiyam sukan fi yawa a cikin saiwa fiye da cikin ƙasa. Saboda haka shigar da su na buƙatar ƙarfi, wanda mitokondiriya ke samarwa ta hanyar sarrafa sukarin da ganye ya haɗa.

Na uku, bayan sun shiga, akan tara da yawansu a bakuyol, wato jakar ruwan da kan mamaye har kashi 90 cikin 100 na babbar ƙwaya. Cikar wannan jaka ita ke miƙar da ganye tsaye. Shi kuwa sashen Golgi, wanda Camillo Golgi ya gano a 1898, yana ƙunshe kayan ginin bango a cikin 'yan ƙananan jakunkuna, ya tura su inda ake buƙata.

Wannan bayani ya fito da dalilin abin da manoma ke kira ƙunar taki. Idan aka zuba yuriya dab da gindin gero alhali ƙasa ta bushe, sinadaran da ke waje sukan rinjayi na ciki. Sai ruwa ya juyo ya fita, bakuyol ta motse, shuka ta yi yaushi. Bisa ga haka, ya kamata a tona a binne taki a ɗan nesa da gindin shuka, kuma a lokacin da ƙasa ke da danshi.