Tal National: makaɗan Yamai da suka yi tallar faifansu da hannunsu

Mu 'yan kasuwa mun san bambancin mai uban gida da wanda ya tashi da ɗan jarinsa. Na farko idan ya faɗi akwai mai ɗaga shi, na biyu kuwa sai Allah sai guminsa. Shi ya sa nake son mu zanta a kan Tal National, ƙungiyar makaɗan jita ta birnin Yamai. Sautinsu na fita daga wayoyin 'yan Nijar a nan Adjamé da Treichville, amma da yawanmu ba mu san yadda suka taso ba. Tarihinsu ya fi kama da na ɗan tebur da ya zama mai shago.

An kafa ƙungiyar a shekarar 2000. Jagoranta shi ne Hamadal Issoufou Moumine, wanda kowa ya fi sani da Almeida, makaɗin jita. Mutumin ya buga ƙwallon ƙafa, ya yi aikin alƙali a kotu, ya kuma yi aiki da gidan marayu na SOS a Yamai. Ka ji fa, da rana shari'a, da dare jita. Sunan ƙungiyar kuwa daga hamadar Tal aka ɗauko shi, tuddan farin yashin nan da ke kusa da N'Guigmi a jihar Diffa.

Turawa suna kiran kiɗansu rok, saboda jita mai lantarki da gangunan bature da suke bugawa da ƙarfi da sauri. Amma duk ɗan Nijar da ya saurara zai gane kayan gida ne. Ga kalangu yana magana a tsakiya, ga salon jitar Buzaye, ga tashin kiɗan Zabarmawa da na Fulani. 'Yan ƙungiyar sun fito daga ƙabilu daban-daban, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, wani lokaci har da Faransanci. Sukan ɗauko tsohuwar waƙar gargajiya su yi mata sabuwar riga.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin aikinsu. A Yamai sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kusan awa biyar ba tsayawa. Babu ɗan Adam da zai jure wannan shi kaɗai, don haka suka tara makaɗa sama da goma, amma wajen shida ne ke kan dandali a lokaci guda. Mai ganga ya gaji, wani ya karɓa, kiɗa bai yanke ba. Idan biki biyu ya haɗu a dare ɗaya, sai su rabu gida biyu. Duk wanda ya taɓa riƙe shago a Forum na Adjamé ya san wannan dabara: kai ka tafi salla ko sari, ƙanenka na tsaye, ba a rufe ƙofa.

Faifansu na farko, Apokte, ya fito a 2006. Da Almeida ya tashi yin na biyu, sai ya lura cewa kuɗin kwasar dukan makaɗa zuwa studiyo a wata ƙasa ya fi ƙarfinsu. Sai ya yi lissafin ɗan kasuwa: maimakon a kai mutane da yawa wurin na'ura, a kawo mutum ɗaya da na'urarsa. Ya gayyato Jamie Carter, wani mai ɗaukar sauti daga Shikago ta Amurka, ya zo Yamai da kayan aikinsa. Haka aka yi A-Na Waya a 2008, faifan da ya karɓu ƙwarai a Nijar.

To, an yi faifai, wa zai sayar? Nijar ba ta da kamfanin da ke rarraba fayafayai shago-shago. Sai 'yan ƙungiyar suka fita da kansu, suna tsayawa a shataletalen Yamai suna miƙa wa masu mota da masu babur. Mutanen da aka tafa wa jiya da dare, yau ga su cikin rana suna talla. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Iyayenmu da suka zo Abijan da tiren goro da teburin garba haka suka fara, har sunan Garba ya zama sunan abincin da duk ƙasar ke ci.

Carter ya sake dawowa aka ɗauki Kaani, kalmar da ke nufin daɗi da Zabarmanci. Wannan karon kamfanin FatCat na garin Brighton a Ingila, wanda shi ma ƙaramin kamfani ne mai zaman kansa, ya fitar da shi ga duniya a 2013. Daga nan ƙofa ta buɗe, suka fara zagayen wasa a Amurka da Turai. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sai Tantabara a 2018, inda Zara Moussa, mawaƙiyar rap ta Nijar, ta sa muryarta. Ku lura da lissafin: shekara 13 tsakanin kafa ƙungiya da fitar faifansu na farko a waje. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Yanzu bari in zo kanmu. Yawancinmu ba mu taɓa sayen waƙar Tal National ba. A Adjamé ake zuba mana ita a katin waya tare da ɗaruruwan wasu, mu biya mai kwamfuta, ko kuma wani ya turo ta WhatsApp. Ko dala ɗaya ba ta isa hannun wanda ya yi kiɗan. Mu da muke ƙorafi idan an ɗauki kayanmu bashi an ɓace, ya kamata wannan ya ɗan taɓa mu. Ba na cewa kowa ya zubar da katinsa. Amma mai intanet a waya zai iya sauraro a shafukan da ke biyan mawaƙa, ko ya sayi faifan a Bandcamp. Idan kuma ƙungiyoyinmu na 'yan gari za su shirya bikin Sallah ko na suna, a gayyato makaɗan gida a biya su da mutunci, kar a ce "ai ɗan'uwa ne" a sallame shi da kuɗin mota.

Akwai kuma maganar yara. 'Ya'yanmu da aka haifa a Saint-Michel sun haddace Magic System, sun iya nushi fiye da Hausa. Ba laifinsu ba ne, nan suka buɗe ido. Na ga yaron maƙwabcina, wanda ba ya amsa gaisuwar Hausa sai da Faransanci, ya tsaya cak da ya ji jitar Zoy Zoy, yana tambayar babansa ko da gaske 'yan ƙasarsu ne. Daga nan hira ta ɓalle, uban na ba shi labarin Yamai da kogin Kwara. Na san akwai gidajen da ba a son kiɗa, wannan kuma kowa da tsarin gidansa. Ga wanda ke saurare dai, shawarata ita ce uba ko uwa su fara ji da kunnensu, sannan su zauna da yaran su fassara musu abin da ake faɗi.

Mai son farawa ya fara da Kaani, don ya fi sauƙin shiga kunne. Tantabara ya fi gudu da zafi, a bar shi sai an saba.