Turancin Ofis da Duhun Ma'ana

Tun daga 1903, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato, Turanci ya fara zama harshen mulki a ƙasar Zamfara. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, sai takardun ciniki da na haraji suka yawaita. Talaka bai san harshen ba, amma ya hora wasu kalmominsa har suka zama nasa, kamar Razdan da Joji, da kuma Di'o da En'e, waɗanda asalinsu haruffa ne kawai na sunayen muƙami da hukuma. Waɗannan ba su da illa, domin kowa ya san abin da suke nufi. Illar tana cikin takardar da mai rubuta ta da mai karanta ta suka yi mata fahimta biyu.

Abu na farko shi ne, Turanci yana da kalmomi masu baki biyu. Kalmar "sanction" tana nufin amincewa, tana kuma nufin takunkumi. Kalmar "bimonthly" tana nufin sau biyu a wata, tana kuma nufin sau ɗaya a wata biyu. A ɗauka wani ofishi ya aika wa mutanen Gurbin Bore, ta ƙasar Zurmi, cewa malamin dabbobi zai riƙa zuwa duba shanu "bimonthly". Magatakarda ɗaya zai ce bayan mako biyu, wani ya ce bayan wata biyu. Makiyayin da ya koro garkensa ya wuni a rana, shi ne zai biya kuɗin wannan kalma.

Na biyu, su kansu masu harshen ba su daidaita ba. Idan aka ce an yi "table" da batu a majalisar Ingila, an gabatar da shi ke nan. A ta Amurka kuwa, an jingine shi. Haka nan "billion" a Ingila miliyan sau miliyan ce, sai a 1974 gwamnatinsu ta koma ga lissafin Amurka na miliyan dubu.

Na uku, kuma mafi muni, shi ne jimlar da ke ɓoye mai aiki. Takarda za ta ce za a raba taki nan gaba kaɗan, ba ta faɗi wanda zai raba ba, balle rana ko wuri. Abin lura a nan shi ne, Hausa ma tana da wannan mafaka, wato "an" da "za a". Saboda haka fassara kaɗai ba ta warkar da cutar. Duhun da ke cikin Turancin yakan biyo ta har gida. Manomin da damina ta kama bai san ƙofar da zai buga ba.

Turawan ma sun koka da wannan hali. A 1948 Ernest Gowers ya fitar da littafinsa Plain Words bisa roƙon Baitulmalin Ingila, domin ma'aikata su koyi rubutu a sarari. A nan gida kuwa, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta nuna a hannun Abubakar Imam cewa ana iya bayyana sha'anin mulki da Hausar da kowa zai gane.

Don haka, kafin ma'aikaci ya sa hannu a takarda, ya kamata ya tambayi kansa: wa zai yi aikin, me zai yi, yaushe, kuma a ina? Ya rubuta rana da sunan wata, ya guji kalma mai baki biyu. Sa'an nan ya gwada faɗin saƙon da Hausa, kamar yana gaban dagaci. In ya kasa, to, shi ma bai san abin da ya rubuta ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma sai mai magana ya faɗi abin da kunnen zai iya ji.