Na'urar nutso mara kumfa: kwamfutar hannu da farin tsakin da ke riƙe da rai

In kana yawan bin bidiyoyin ƙarƙashin teku a TikTok ko YouTube, akwai wani abu da wataƙila ka gani amma bai ja hankalinka ba. Yawancin masu nutso za ka ga kumfa na tashi buguzum daga bakinsu duk lokacin da suka fitar da numfashi. Wasu kuwa tsit, ko ɗigon kumfa babu, har kifi ya zo yana leƙen fuskarsu. Waɗannan na biyun suna goye da na'urar maimaita numfashi ne, wadda 'yan harkar ke kira ribiriza. Kuɗinta kan kai dala dubu goma ko kusa da haka, ban da kuɗin koyo, kuma duk wanda zai saya sai ya yanke shawara a kan abubuwa biyu: wane irin kayan lantarki zai amince wa, kuma wane irin mataci zai ɗora.

Bari mu fara da yadda take aiki. Iskar da kake shaƙa yanzu haka kashi 21 cikin ɗari ne oksijin. Jikinka na ɗaukar kaɗan, ka fitar da kusan kashi 16. Mai nutso da tukunyar iska ta gama-gari duk wannan ragowar zubar da ita yake yi cikin ruwa, shi ne kumfar da kake gani. Kuma a duk mita 10 da ya ƙara nitsawa matsin ruwa na ƙaruwa, ta yadda a mita 30 yana zuƙe tukunyarsa ninki huɗu na yadda zai yi a sama. Ita ribiriza ba ta zubarwa. Numfashinka na bin bututu ya shiga wata jaka, ya ratsa mataci a cire masa iskar kabon dayoksaid, a ƙara masa ɗan oksijin a madadin wanda ka ƙona, ya dawo bakinka. Haka zai yi ta zagayawa har tsawon awanni.

Dabarar ma ba ta yau ba ce. A 1878 wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Fleuss ya haɗa irinta, matacinsa kuwa zaren igiya ne da aka jiƙa da sinadarin potash. A 1880 Alexander Lambert ya goya ta ya shiga ramin jirgin ƙasa na Severn da ruwa ya cika, don ya rufe wata ƙofar ƙarfe. Sai a 1997 ne kamfanin AP Diving na Ingila ya fito da Inspiration, wadda ta sa na'urar ta shiga hannun masu nutso don sha'awa.

To, ina matsalar? Oksijin ɗin da ke zagayawa dole ya tsaya a tsaka-tsaki. Ana auna shi da matsinsa: a nan doron ƙasa 0.21 ne. In ya sauka ƙasa da 0.16 mutum na iya suma ba tare da ya ji komai ba. In ya haura 1.6 zai iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma ka san abin da hakan ke nufi a cikin ruwa. Shi ya sa akasari ake saita na'urar a 0.7 kusa da sama, 1.3 a zurfi. Hancinka ba zai gaya maka ba, harshenka ba zai gaya maka ba. Wasu ƙananan ma'aunai ne ke gaya maka, kowanne bai wuce girman kwalbar turare ƙarama ba.

Waɗannan ma'aunai kamar batir suke. Akwai dalma a cikinsu, oksijin na cinye ta a hankali, su kuma suna fitar da ɗan lantarki daidai da yawan oksijin ɗin da suka ji. Ma'ana tun ranar da aka ƙera su suke mutuwa, ko kana amfani da su ko suna ajiye a durowa. Don haka ake canza su tsakanin wata 12 zuwa 18. Yawancin na'urori uku suke ɗauka, kwamfutar kuma ta yi musu ƙuri'a: in biyu sun yarda ɗaya ya bambanta, sai ta bi masu rinjaye. Da jin wannan za ka ce ai an gama. Amma ka yi tunani: in biyun nan tare aka saye su, tare suka tsufa, sukan kai wani matsayi da ba sa iya nuna lamba mai yawa. Oksijin ya kai 1.8, su suna cewa 1.2. Na ukun, sabo mai gaskiya, shi za a kayar a zaɓe, kwamfuta kuma ta ci gaba da tura oksijin. Wannan ne dalilin da ƙwararru ba sa canza ukun rana ɗaya, kuma sukan tsaya a mita 6 su cika zagayen da zallar oksijin su ga ko kowanne zai iya nuna 1.6.

Daga nan zaɓin ya rabu. Akwai mai sarrafa kanta: kwamfuta na karanta ma'aunai, ta buɗe wani bawul mai aiki da lantarki ta ƙara oksijin da kanta. Inspiration haka take, JJ-CCR ta ƙasar Denmark ma haka. Akwai kuma ta hannu, irin KISS da Gordon Smith ya fara ƙerawa a Kanada, inda oksijin ke tsiyaya kaɗan-kaɗan ta wata 'yar ƙaramar huda, kai kuma ka riƙa duba allo kana danna maɓalli don cike giɓin. Sai ta ukun da ta haɗa biyun. Masoya ta hannu na cewa tunda ka san ba wanda zai yi maka aikin, ba za ka yi sakaci da duba allo ba. Masoya mai sarrafa kanta na cewa in hannuwanka biyu na riƙe da kyamara, ko kana fama da igiya a kogo, gara a samu mai tuna maka. Ni dai a ganina kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma tambayar da ta fi amfani ga mai saye ita ce: ran da kwamfutar ta ɗauke, me zai rage min? Akwai allo na biyu mai batirinsa daban? Akwai 'yar fitilar nan da ake maƙalawa kusa da ido tana ƙyaftawa? Kamfanin Shearwater na Kanada har ƙaramin allo yake yi mai suna NERD da ke zama a gaban ido. Kyan launin allo da haɗa shi da waya duk daga baya ne.

In kana ganin tambayar ta yi tsauri, ga abin da ya faru ran 8 ga Janairun 2005 a Boesmansgat, wani rami mai cike da ruwa a Afirka ta Kudu. David Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan Ostireliya, ya sauka mita 270 don ɗauko gawar Deon Dreyer, matashi ɗan shekara 20 da ya rasu a ramin tun 1994. Abokinsa Don Shirley ya biyo bayansa, kuma a wajen mita 250 matsin ruwa ya fasa kwamfutar da ke sarrafa masa oksijin. Shirley ya koma ƙara oksijin da hannu, ya shafe sama da awa goma yana hawowa a hankali, ya fito da rai duk da mummunan ciwon da ya same shi a kunne. Shaw bai fito ba. Kyamarar da ke kan hularsa ta naɗi sautin numfashinsa yana ƙara sauri, kuma likitocin da suka nazarci abin sun nuna cewa kabon dayoksaid ne ya taru a jikinsa: a wannan zurfin iska ta yi kauri sosai, ga shi yana aikin ƙarfi da gawar da igiya.

Ka lura, ma'aunan nan uku da muka yi ta magana a kansu oksijin kaɗai suke gani. Ba ruwansu da kabon dayoksaid. Wannan aikin mataci ne, kuma a nan ne bidiyoyin talla ba sa daɗewa, don ba abin burgewa a ciki. Gwangwani ne cike da farin abu kamar tsakin masara, sunansa soda layim. In kana da ɗan'uwa ko yayar da ke aiki a ɗakin tiyata ka tambaye su, irinsa ne a jikin injin sa barci. Yawancinsa kalsiyam haidroksaid ne da ɗan sodiyam haidroksaid da danshi. In kabon dayoksaid ya ratsa sai ya maƙale ya zama sinadarin alli, zafi da ruwa su fito. Wanda masu nutso suka fi sani shi ne Sofnolime 797. Akwai mai canza launi zuwa shuɗi-shuɗi in ya gaji, amma kana cikin ruwa gwangwani na bayanka a rufe, wa zai duba maka launi?

Siffar gwangwanin iri biyu ce. A na farko iska na shiga ta gindi ta fita ta kai, ta ratsa tsawon tsakin gaba ɗaya. Ya fi sauƙin cikawa, shi ya sa ya fi dacewa da sabon shiga. A na biyun iska na bi ta tsakiya ta bazu zuwa gefe, ko daga gefe zuwa tsakiya, tafiyar gajera ce, numfashi ya fi sauƙi, abin da masu zurfi sosai ke nema ke nan. Sai dai cika shi na son haƙuri. Zuba tsakin ake yi kaɗan-kaɗan ana bubbuga gefen gwangwani har ya zauna, kamar yadda mai awo ke girgiza kwano. In aka bar gurbi, iska za ta samu hanyar ɓarayi ta wuce ba a tace ta ba. In aka danne da yawa kuma numfashi ya yi nauyi. Wanda ba ya son wannan wahalar akwai cikakku daga kamfani, irin ExtendAir, a zura kawai a rufe. Sun fi tsada, ba kowace na'ura ke ɗaukarsu ba, kuma ba a kowane gari za ka same su ba. Wanda zai yi tafiya zuwa Dahab a Masar ko wani tsibiri mai nisa sai ya fara tambaya ko ana sayar da irin nasa a can.

Tsawon lokacin da mataci ke ɗauka ma ba magana ɗaya ba ce. Na Inspiration na cin kimanin kilo biyu da rabi, kamfanin kuma ya ba shi awa uku. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 14143 na gwada na'urori a ruwa mai sanyin digiri 4, a zurfin mita 40, da mutum-mutumin da ke fitar da kabon dayoksaid lita 1.6 a minti, wato kamar mai aikin ƙarfi. Sanyi na rage wa sinadarin kuzari, zurfi ma haka. A ruwan ɗumi zai iya wuce awa ukun, kuma a nan ne son banza ke shigowa: mutum ya kashe miliyoyi a kan na'ura, sannan ya ce bari in ƙara nutso ɗaya da tsakin jiya. Akwai kuma haɗarin ruwa ya shiga gwangwanin, ya narkar da sinadarin ya biyo bututu zuwa baki, ya ƙone maƙogwaro.

An yi ƙoƙarin sa wa mataci ido. AP Diving na da wata sanda mai auna zafi da ke tsakiyar gwangwani, tana nuna inda aikin tacewar ya kai, tunda duk inda sinadarin ke aiki akwai ɗumi. Na'urar rEvo ta ƙasar Beljiyam matata biyu gare ta a jere. Akwai ma'aunin kabon dayoksaid da ake iya ƙarawa a wasu na'urorin, kodayake danshi na damunsa. In aljihunka zai ɗauka, ni a nan zan ce ka sa kuɗin kafin ka sayi allo na uku. Amma sandar zafi ba za ta gane cewa ka manta zoben roba ba, kuma babu ɗayansu da ke auna abin da ya taru a cikin jinin mutum.

Kada ka ce ai jiki zai ji. An saba koya wa masu nutso su shaƙi na'urar minti biyar a waje kafin su shiga ruwa. A wani gwaji da aka wallafa a 2015 an lalata matacin da gangan, ta yadda wani ɓangare na iskar ke wucewa ba tacewa, kuma mafi yawan waɗanda aka gwada sun kammala minti biyar ɗin ba su gane ba. Wani likita ɗan Ostireliya, Andrew Fock, ya tattara mace-mace 181 na masu ribiriza daga 1998 zuwa 2010, ya ƙiyasta cewa haɗarinta ya kai kusan ninki goma na tukunyar gama-gari.

Shi ya sa in ka sake cin karo da irin bidiyon nan, ka duba gefen jikin mai nutson da kyau. Za ka ga ƙarin tukunya ɗaya ko biyu a rataye, na ko-ta-kwana, irin masu kumfar nan da muka fara da su. Ran da kansa ya fara sarawa ko numfashi ya fara yi masa sama-sama, umarnin da aka ba shi a aji shi ne ya rufe bakin na'urar mai tsada, ya koma kan tukunyar, ya kama hanyar sama.