Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Cike Wa Naƙasasshe Fom A Bulabulin

Ambaliyar da ta auka wa birnin Maiduguri ranar Talata 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta cinye gidaje da dukiya a unguwannin Bulabulin da Gwange da Fori. Ta kuma tafi da wani abu da ba a cika lissafa shi cikin hasara ba, wato takardu. Ga mai cikakkiyar lafiya, ɓatan katin asibiti ko takardar shaida wahalar 'yan kwanaki ce. Amma ga gurgu ko makaho ko kurma, wannan takarda ita ce bakinsa a gaban hukuma, domin duk lokacin da aka tashi sake tantance masu karɓar taimako, ita za a fara tambaya.

A Ingila, tun shekarar 2013 ake biyan naƙasassu wani alawus da ake kira PIP, kuma lokaci lokaci hukuma takan aika wa mai karɓa fom domin a ga ko halinsa ya sake. Nijeriya ba ta da irin wannan alawus na ƙasa baki ɗaya, ko da yake Jihar Jigawa ta soma biyan naƙasassunta Naira 7,000 a wata a shekarar 2007. Abin da mutumin Bulabulin ya saba gani shi ne rajistar marasa galihu ta Gwamnatin Tarayya, da tallafin gwamnatin jiha, da na ƙungiyoyin agaji. Kowannensu da fom ɗinsa, galibi cikin Turanci, alhali kuwa mai fom ɗin Barbarci ko Hausa yake ji. Tilas ke nan ya nemi aboki ko maƙwabci ya riƙe masa alƙalami.

Ita ma doka ta san da zancen sake dubawa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ita ce ta haifar da Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa a 2020. Dokar ta ce likita na iya ba da takardar shaidar naƙasa ta wucin gadi wadda ba za ta wuce kwana 180 ba. In lalurar ta zarce haka, sai Hukumar ta ba da takarda ta dindindin bisa shawarar likita. Ashe kuwa abin da aka rubuta a karo na biyu shi ke yanke wa mutum hukunci.

To, a nan ne babbar matsalar take, kuma daga tarbiyyarmu ta samo asali. An rene mu a kan haƙuri da kunya. Tambayi wanda ya kwana bai runtsa ba, sai ya ce maka da sauƙi. Wannan amsa ta yi kyau a zaure, amma a kan fom tana iya jawo a soke sunan mutum. Da yawa daga ƙungiyoyin agaji suna amfani da tambayoyi shida: gani, ji, tafiya ko hawan matakala, tunawa da natsuwa, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, sai kuma fahimtar juna wajen magana. Kowace tambaya tana da amsa huɗu: babu wahala, akwai 'yar wahala, akwai wahala ƙwarai, ko kuwa ba ya iyawa sam. Mutumin da sai ya ja jiki kafin ya kai ban ɗaki, in kunya ta sa ya ce "'yar wahala", ma'aikacin da ke ofis ba shi da hanyar sanin gaskiya. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka aikin aboki na farko shi ne ya keɓe da mai fom, inda ba surukai ba 'ya'ya, sa'an nan ya bi yini guda da shi daki daki. Wa ke ɗebo masa ruwa? Taku nawa yake yi kafin ya nemi wurin zama? Yana iya hawa Keke Napep ba tare da an ɗaga shi ba? A mako guda kwana nawa ciwon ke hana shi fita? Kada a rubuta halin ranar da ya fi jin daɗi kawai. A rubuta yadda yawancin kwanakinsa suke. In fom ya tambayi abin da ya sake tun tantancewar baya, kada a wadatu da cewa "babu canji". A sake bayyana halin dalla dalla, domin mai karanta fom na bana ba lalle ne shi ya karanta na bara ba.

Na biyu, a haɗa shaida. Wanda takardunsa suka tafi da ruwa ya koma asibitin da ke duba shi ya nemi sabon rahoton likita, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ne, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya. Waɗanda aka yi wa ƙafar roba a cibiyar da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta buɗe a Asibitin Koyarwa a 2020, su tambayi bayanansu a can. A duba kuma sunan da ke kan lambar NIN ya dace da na banki harafi da harafi, gama bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai yana iya tsai da kuɗi. Kafin a miƙa fom, a ɗauki hotonsa da na takardun a waya.

Na uku, kada son aboki ya kai ga ƙari. Dokar 2019 ta tanadi tarar Naira 200,000, ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun, ga wanda ya ba da takardar shaidar naƙasa ko ya karɓe ta ta haramtacciyar hanya. Ƙaryar mutum ɗaya kuma takan sa a yi wa sauran naƙasassun unguwa kallon zargi.

Daga ƙarshe, fom na mai shi ne. Lambar waya da lambar asusun banki su zama nasa, lambar sirrin katinsa ta tsaya a wurinsa. In an gama, a karanta masa duk abin da aka rubuta cikin harshen da yake ji, ya yarda, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Abin da ya faɗa na ciwonsa kuwa amana ce, ba ta hirar dandali ba ce.

Su ma hukumomi da ƙungiyoyin agaji ya kamata su riƙa buga waɗannan fom-fom cikin Barbarci da Hausa, su kuma kai tantancewa cikin unguwa, maimakon a sa wanda ba ya iya tsayuwa ya yini a layi. Dokar nan ta riga ta ba naƙasasshe haƙƙin a fara sallamarsa a duk inda ake bin layi. Saura a aikata.