Amsoshin Takardunku: Taimakon Ƙasashen Waje da Koyon Sana'a

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Bungudu. Cewa ya yi, kullum yana jin an ba Nijeriya taimako don koyar da sana'a, to ina ruwan manomi da ɗan kasuwa da wannan kuɗi?

To Malam, mun gode. Da farko a sani, ba duk abin da ake kira taimako ne kyauta ba. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don wani shiri mai suna IDEAS, na gyara kwalejojin fasaha da horar da masu koyon sana'a. Wannan rance ne mai sauƙin ruwa, za a biya. Jihohi shida aka zaɓa: Kano, Gombe, Binuwai, Ekiti, Edo da Abiya. Ka ji dai babu Zamfara. Shi ma shirin Mafita da Ingila ta ɗauki nauyinsa, a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa aka yi shi. Dattawa kuwa ba su manta ba, a 1975 Gusau na cikin wurare uku na farko, tare da Funtuwa da Gombe, da bankin ya fara aikin bunƙasa noma.

Yanzu ga inda abin ya shafe ka. Manomin Tsafe ya noma gyaɗa, ya sayar a buhu, a kai wani gari a matse, man ya dawo ya saya da tsada. Ribar tana wurin mai inji. Shi ma mai injin, ran da ya lalace sai ya jira bakanike daga Gusau ko Funtuwa, kwana uku ba aiki. In da a garin akwai yaron da ya iya walda, ya iya gyaran injin niƙa da famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, ai kuɗin nan a gida zai tsaya, kai ma mai saye ka samu kaya da rahusa.

Sai dai fa kayan aiki kaɗai ba su isa ba. Da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, gwamnati ta sayo injunan koyarwa daga Turai. Ni da na taɓa riƙe alli, na ga irinsu da idona a wata makaranta, suna cikin akwatunansu sun yi tsatsa, ba lantarki, ba malamin da ya san kansu. A ganina malami ya kamata a fara horarwa kafin a sayo ƙarfe.

Makarantu kam muna da su: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, da Kwalejin Horar da Malaman Fasaha ta mata zalla a Gusau. Irin wannan kuɗi ta hannun gwamnatoci yake bi, kuma jihar da ta nema da shiri a hannu ita ake dubawa. Saboda haka ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ta rubuta wa ɗan majalisarku, ku faɗi sana'o'in da kuka rasa masu yi a Bungudu, ku ajiye kwafin takardar.